Yajin tako na gida: me ya sa nawa ya fito wuta zalla?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Yarana sun ci tako, abincin nan na 'yan Meksiko da ake zuba nama a cikin siririn burodi ko ɓawo, a wani gidan abinci a Abuja, tun daga ranar suka hana ni sakat. Na samo yadda ake haɗa yajin naman, an rubuta a zuba "chili powder" babban cokali ɗaya, da kumin, da wani ganye wai shi oregano. Na zuba garin barkono kamar yadda aka ce. Kumin kuma mai kayan ƙamshi ya ba ni habbatus sauda ya ce ita ce. Naman ya fito baƙi, ga ɗaci ga yaji, ko maigidan da yaji ba ya damunsa bai iya ci ba. Yaya ake haɗa na gaskiya irin na 'yan Meksiko, kuma da me zan maye gurbin abin da babu a kasuwarmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya mayar da alheri, nama a wannan marra ba abin zubarwa ba ne. Amma ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiya lau yake. Sunaye biyu ne suka yi miki shigo-shigo ba zurfi. Na farkon, wato "chili powder", ni ma ya taɓa kayar da ni a shekarar da na fara zama a birnin Houston na Amurka, sai dai ni ta ɗaya gefen na faɗi. Na ga kwalba an rubuta mata wannan suna, na saya ina murna na samu barkono, na yi ta antaya shi cikin miyar kuka. Yaji bai zo ba, miyar ce dai ta tashi da wani ƙamshi da ba nata ba.

Abin da Ba'amurke yake nufi da wannan suna ba garin barkono ba ne. Haɗi ne da aka riga aka gauraya tun daga kamfani. Kaso mafi tsoka a cikinsa garin wani busasshen tattasai ne mai duhu da ake kira ancho, wanda yajinsa bai taka kara ya karya ba, sai kumin, oregano, tafarnuwa, sau da yawa har da gishiri. Kina iya dangwala da yatsa ki lasa ki ci gaba da hirarki. Wani Bajamushe, William Gebhardt, da ke zaune a garin New Braunfels na jihar Teksas, shi ya yi suna wajen niƙa shi yana sayarwa a shekarun 1890, kuma har yau idan littafin girkin Amurka ya ambaci sunan, wannan haɗin yake nufi. In barkono mai zafi zalla suke so, cayenne suke rubutawa, kuma da ƙyar za ki ga sun wuce rubu'i ko rabin ƙaramin cokali.

Akwai ma'aunin zafin barkono da wani masanin haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya fito da shi a 1912. A wannan ma'auni ancho yana tsakanin 1,000 da 2,000. Cayenne, ɗan'uwan ƙananan barkonon da muke daka yaji da su, yana tsakanin 30,000 da 50,000. Attaruhu kuwa daga 100,000 yake farawa. Kin ga ke nan zafin da kika zuba ya ninka wanda aka nufa sau ashirin ko fiye. Maigida bai yi ragwanta ba.

Batun habbatus sauda kuma, mai kayan ƙamshi yana da ɗan uzuri, domin akwai masu kiran ta baƙin kumin. Amma kama da wane ba ta wane, ko dangi ba su haɗa ba. Ita ce ta baƙanta miki naman, ita ce kuma ta kawo ɗacin. Kumin 'ya'ya ne sirara dogaye, ruwan ƙasa-ƙasa, da layi-layi a jikinsu, suna kama da shammar amma sun fi ta ƙanƙanta da duhu. Larabawa suna ce masa kammun, Indiyawa jira, 'yan Meksiko comino. Ki je wurin masu sayar da kayan ƙamshin Larabawa ko na Indiya ki kira ɗaya daga cikin sunayen nan. Kafin ki biya, ki murza kaɗan a tafin hannu ki shinshina. Ƙamshin ba zai zame miki baƙo ba, shi ne wanda ke bugun hanci idan an buɗe garin kori.

Kin ce kina son na gaskiya irin na 'yan Meksiko. To a nan gizo ke saƙar. Matan Meksiko ba su da wani gari guda da ake kira yajin tako. Garin leda da ake barbaɗa wa niƙaƙƙen nama ɗan Amurka ne, daga salon girkin da ake kira Tex-Mex, wanda ya taso a Teksas, jihar da ta kasance ƙarƙashin Meksiko har zuwa 1836. Kamfanoni irin su Old El Paso, da gidajen abincin Taco Bell da Glen Bell ya fara buɗewa a Kalifoniya a 1962, su suka yaɗa shi duniya tare da ƙanƙararren ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras. Ko yawan kumin da ake ji a ciki ɗabi'ar birnin San Antonio na Teksas ce, wadda masu tarihin abinci suke dangantawa da iyalan da suka zo daga tsibiran Kanari a 1731. A cikin Meksiko kumin ɗan tsunkule ake sawa.

A can, tako ya fi kusa da balangu fiye da yadda kike zato. A jihar Sonora da ke arewa, naman sa ake gasawa a kan garwashi da gishiri kawai, a yayyanka, a ɗora a kan tortiya, wato siririn burodinsu mai faɗi, a watsa ɗanyar albasa da ganyen kusbara, a matsa lemon tsami. Yaji yana gefe cikin kwano, kowa ya ɗiba daidai harshensa, kamar dai yadda mai nama yake ƙulla miki yaji daban a takarda. A jihar Hidalgo rago suke naɗewa da ganyen wata shuka mai suna maguey su binne a rami mai wuta ya kwana, shi ne barbacoa. A Jalisco akuya suke dafawa cikin jan romo har ta saki ƙashi, shi ne birria. Akwai kuma al pastor, wanda ya samo asali daga shawarmar da 'yan Labanan suka kai Meksiko, kuma a nan sai ki yi hattara idan tafiya ta kai ki: da naman alade ake yin sa.

Abin da yaranki suka ci a Abuja, in dai niƙaƙƙen nama ne jajir mai ɗan romo, na Teksas ne. Shi zan koya miki tunda shi suke nema. Amma ba da garin kanti za mu haɗa shi ba. Za mu bi hanyar matan Meksiko, mu fara daga busasshen tattasai sukutum mu gasa shi da kanmu, domin kusan duk daɗin yajin nan daga can yake fitowa.

Mu barkono a wurinmu abu ɗaya muke nema a jikinsa, wato zafi. 'Yan Meksiko kuwa ɗanɗano suke bi, har sukan ba ɗanye suna daban, busasshensa suna daban. Poblano kore ne mai faɗi, idan ya nuna ya bushe ya zama ancho, baƙi-baƙi, yamutsattse, da zaƙi kamar na zabibi. Mirasol idan ya bushe ya zama guajillo, ana furta shi gwahiyo, ja ne mai santsin fata da ɗan tsami-tsami, shi ke ba miya launi. Chilaca ya zama pasilla, dogo baƙi mai ɗan bauri. Jalapeño kuma idan ya yi ja aka yi bandarsa a hayaƙi, shi ne chipotle. Maƙwabciyata a Houston, wata dattijuwa 'yar Puebla ta Meksiko, takan haɗa iri uku a miya ɗaya, kuma in kika ɗanɗana babu wanda zai sa ki neman ruwa.

Kada sunayen nan su karya miki gwiwa. Duk wani barkono da tattasai da ke gonakinmu daga nahiyar Amurka kakanninsa suka fito, Turawan Fotugal ne suka tsallako da shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Tattasanmu da poblano da mirasol da jalapeño duk jinsi ɗaya ne a wurin masana tsirrai. Busasshen tattasan da ake aunawa a kwano a kasuwa, wanda muke rainawa sai lokacin tsadar kayan miya, shi ne mafi kusa da ancho da za ki samu ba tare da kin yi oda daga waje ba. Ba zan ce miki ɗaya suke ba, ancho ya fi shi zaƙi da kauri. Amma na yi shekaru ina haɗa yajin nan da shi tun da na dawo gida, kuma na fi son sa a kan duk wani garin leda da ya yi watanni a kan kanta. Busasshen shambo kuma yana iya tsayawa a gurbin guajillo, sai dai ya fi shi zafi, don haka kaɗan ake sawa.

Wajen zaɓe ki buɗe ido. Ki ɗauki wanda ya yi ja mai duhu, wanda idan kika lanƙwasa shi zai lanƙwasu kamar fata. Wanda ya koɗe ya yi fari-fari yana farfashewa a hannu rana ta gama cinye shi. Ki tsaga biyu ko uku ki leƙa ciki. In kika ga fumfuna, fara ko baƙa, ki bar wa mai shi kayansa, domin fumfunar busassun kayan abinci tana iya ɗauke da gubar afulatoksin mai lahani ga hanta, kuma girki ba ya kashe ta. Garin da aka riga aka niƙa wanda ya yi ja fiye da kima shi ma ba na amincewa da shi. Algus da rini a garin barkono ba sabon abu ba ne, ko a Ingila a 2005 sai da aka janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna saboda wani jan rini da aka gano a garin barkonon da aka yi amfani da shi. Mafi kwanciyar hankali, idan hunturu ya shigo tattasai ya yi araha, ki sayi nunanne, ki tsaga, ki shanya a kan faranti mai tsabta ki rufa da yadi mai shara-shara. Cikin mako guda ya bushe.

Sai gashi. Ki goge ƙurar jikinsa da tsumma mai ɗan danshi, ki bari ya sha iska. Ki yanke hancin da almakashi, ki tsaga, ki kakkaɓe 'ya'yan, ki cire farin zaren ciki. Mutane suna cewa 'ya'yan ne masu zafi, alhali a wannan farin zaren sinadarin zafin ya fi taruwa. 'Ya'yan ɗaci suke kawowa kuma ba sa niƙuwa da kyau. Ki ɗora kasko a wuta matsakaiciya, babu mai ko ɗigo. 'Yan Meksiko a kan wani faifan ƙarfe ko na yumɓu mai suna comal suke yi. Ki shimfiɗa tattasan, ki danna da bayan cokali, daƙiƙa 15 zuwa 20, ki juya, ki sake. Za ki ga ya ɗan kumbura, launinsa ya sauya, wani ƙamshi mai kama da na soyayyar gyaɗa ya tashi. Nan take ki kwashe. Tsakanin gasuwa da ƙonewa ƙiftawar ido ne, kuma guda ɗaya da ya yi ƙauri ya isa ya ɓata kwalba guda. Wanda ya yi baƙin tabo ki jefar, kada ki ji tausayinsa. Ki buɗe taga tukuna, in ba haka ba gidan duka zai kama tari.

Ki baza shi ya huce sarai. Da zafi yana da taushi, sai ya huce yake yin ƙaras ya daku. Turmi yana yi, ƙaramin kofin bilenda na busassun kaya ma yana yi. Injin unguwa kam ban ba ki shawara ba, domin yajinki zai dawo da ƙamshin citta da daddawar wadda ta riga ki layi. Idan bilenda ce, ki jira minti ɗaya kafin ki buɗe murfin, ƙurar ta kwanta. Ki tankaɗe da rariya, tsakin ki sake dakawa.

Kumin da 'ya'yan kusbara su ma guda-guda za ki saya, ki gasa su a kaskon nan daban, minti ɗaya zuwa biyu kina girgizawa har su fara ƙamshi. Ɗanyen kumin yana da wani wari mai kama da gumi wanda mutanenmu da yawa ba sa so. Na lura yawancin masu cewa ba sa cin kumin ɗanye aka ba su.

Ƙamshin hayaƙi ba dole ba ne, amma shi ke sa wanda ya ci ya tambaya me aka sa. Idan kin samu garin chipotle ko paprika (garin jan tattasai) mai hayaƙi ta ƙasar Sifaniya a manyan kantuna, shi ke nan. Idan babu, ai banda ba baƙuwarmu ba ce. Ki ware tattasai biyar ko shida, ki jera a kan waya can sama da garwashin da ya lafa, ki jefa ɗan guntun busasshen ice ya riƙa hayaƙi ba tare da ya kama da wuta ba, ki kifa tsohuwar tukunya a kai kamar awa ɗaya. Kada icen ya zama mai fenti, kada kuma a tayar da wutar da kalanzir ko leda.

Oregano nasu ma ba irin na Italiya ba ne da ake barbaɗa wa fiza. Wata shuka ce daban, ƙamshinta ya fi ƙarfi kuma yana da ɗan lemo-lemo. Na Italiyan, wanda ake samu a manyan kantuna, yana yi. Idan shi ma babu, ki sa rabin awon na tayim, ki goga ɗan koren ɓawon lemon tsami a kan naman lokacin saukewa. Na taɓa gwada busasshiyar ɗoɗɗoya, sai ta janye naman zuwa farfesu.

Ga awon da nake bi. Babban cokali mililita 15 nake nufi, ƙarami mililita 5, kuma a shafe, ba a tsiri ba. Garin gasasshen tattasai babban cokali 4. Na hayaƙi babban cokali 1, in babu ki cike da na farkon. Kumin ƙaramin cokali 4. Kusbara, oregano, garin tafarnuwa da garin albasa, kowanne ƙaramin cokali 2. Baƙin masoron waje ƙaramin cokali 1. Barkononmu mai zafi rabin ƙaramin cokali, kuma tunda don yara ne ki fara da rubu'i. Sai kanumfari ƙwaya 2 da ɗan ɓalli na girfa da bai wuce farce ba, a daka su tare da kumin. Waɗannan biyun ba kowa ke sawa ba, daga girkin cikin Meksiko na aro su, inda ake sa girfa mai laushi ta Siri Lanka a miyar nama. Aikinsu su ɗaga ƙamshin sauran. Idan har aka ji su a baki, sun yi yawa. Haɗin zai ba ki babban cokali 9 da ɗoriya, wanda zai ishi nama kilo 2 da 'yan kai.

Masoronmu na gida ya fi baƙin masoron waje ƙamshi, kuma yana da ɗan ɗaci idan ya yi yawa. In shi kika samu, rabin awon ya isa.

Za ki ga ban sa gishiri ba, da gangan ne. Ledar kanti mai nauyin giram 28 ko kusa da haka, wadda ake zuba wa fam ɗaya na nama, wato giram 454, in kika karanta bayanta za ki tarar da gishiri da sitacin masara a sahun gaba. Da kuɗin yaji ake sayar miki da su. Kuma idan gishiri yana cikin haɗin, duk ranar da kika so ƙara ƙamshi sai kin ƙara gishiri dole. Ki bar shi daban. Citta, kimba, kori da ƙuli-ƙuli su ma ki riƙe hannunki. Na san hannu yana ƙaiƙayi, mun saba nama ba ya tafiya sai da citta. Amma da zarar ta shiga, tsire kika haɗa, yara kuma za su ce ba shi ba ne. Dunƙule ɗaya in kin ga dama ba laifi, sai ki rage gishiri.

Yaji mai kyau ma yana iya lalacewa a tukunya, don haka bari in bi da ke har can. Ki nemi niƙaƙƙen naman sa rabin kilo mai ɗan kitse, kada mahauci ya gyare miki shi tas. Kada ki tafasa shi tukuna kamar yadda muke wa naman miya. Ki ɗora kasko mai faɗi ya yi zafi sosai, ki zuba mai babban cokali ɗaya, ki baza naman, ki ƙyale shi minti biyu ko uku ba juyi har ƙasansa ya yi ja, sannan ki farfasa. Idan kaskon ƙarami ne ki raba biyu, domin in ya cushe ruwa zai fitar ya dahu fari fat. Ki zuba yankakkiyar albasa ɗaya ta yi laushi. Sai ki ture naman gefe, ki zuba yajin babban cokali 2 a cikin man da ya taru, ki juya daƙiƙa 30. Launin tattasai da ƙamshin kumin a maiƙo suke narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa wanda aka barbaɗa a ƙarshe yake zama gari-gari a harshe. Ki ƙara tumatirin gwangwani babban cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ruwa ko romo rabin kofi. Ki rage wuta, minti 8 zuwa 10, har romon ya kama jikin naman. Bayan kin sauke ki matsa rabin lemon tsami. Idan kin ɗanɗana kin ji kamar da saura, kafin ki ƙara yaji ki fara gwada ƙarin lemo da gishiri, sau da yawa su ne suka gaza.

Idan bakuna sun fi naman yawa, ki yi abin da iyayen gida a Meksiko suke yi a girkin da suke kira picadillo: ki yanka dankalin turawa da karas ƙanana-ƙanana ki zuba tare da ruwan. Dankalin zai kaurara romon, ya kuma ninka abincin. Dafaffen wake ma yana shiga ya zauna daram.

Maigida kuma a ba shi haƙƙinsa a gefe. Ki gasa tumatir uku, rabin albasa, tafarnuwa biyu da ɓawonsu da attaruhu ɗaya ko biyu a busasshen kasko har su yi baƙin tabo, ki ɓare tafarnuwar, ki jajjaga duka a turmi da gishiri da lemon tsami. Wannan ita ce salsa, kuma a nan baƙin tabon ana so, tunda ɗanyun kaya ne masu ruwa. Mutanen yankin Yucatán da habanero suke yin tasu, wanda ɗan'uwan attaruhu ne na jini. Yara kuma ki ɗora musu cokalin kindirmo mai kauri a kan naman. Yana tsayawa a gurbin kirim ɗin da ake sawa a can, kuma nono ya fi ruwa kashe zafin barkono.

Ranar da kika samu sarari, ki gwada na ruwa, wanda shi ne ainihin hanyarsu, sunansa adobo. Gasasshen tattasai 6 da shambo 1, a jiƙa a ruwan zafi minti 20, a markaɗa da tafarnuwa 4, kumin rabin ƙaramin cokali, oregano, kanumfari 2, ɗan girfa, khal babban cokali 2 da gishiri. A shafe naman akuya kilo ɗaya da shi ya kwana a firji, washegari a ƙara ruwa a rufe a dafa a wuta kaɗan-kaɗan kamar awa 3 har ya riƙa zarewa da cokali. Kin kusa da birria ke nan. Ni da naman Sallah nake yin sa, kuma a gidana ya fi na niƙaƙƙen nama kasuwa.

Ba ki tambayi tortiya ba, amma na san nan za ki dosa. Garin masarar tuwo ba zai yi ba, zai yi ta tsagewa a hannunki. 'Yan Meksiko sai sun dafa ƙwayar masarar da ruwan farar ƙasa ta kwana a ciki kafin a markaɗa, wannan ne ke sa ƙullin ya haɗe, kuma garin da aka yi wa haka shi ake sayarwa da sunaye irin su Maseca. Ki yi ta fulawa, irin ta arewacin Meksiko: fulawa kofi 2, gishiri kaɗan, mai babban cokali 3, ruwan ɗumi kamar kashi uku cikin huɗu na kofi. Ki murza, ki rufe ya huta minti 30, ki gutsura ki murje siriri, ki gasa a busasshen kasko. In kin gaji, burodin shawarma da aka ɗumama ya wadatar. Idan kuma ta leda ce daga waje, ki duba bayanta, kalmar lard kitsen alade take nufi, haka ma manteca, sai dai in an rubuta manteca vegetal.

Sauran garin ki zuba a kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, ki sa a cikin kabad nesa da murhu da hasken rana. Kada ki riƙa girgiza kwalbar a kan tukunya mai tururi, kuma cokalin ɗiba ya zama busasshe. Garin tafarnuwa da na albasa suna jan danshi, da damina za ki ga haɗin ya dunƙule. 'Yan ƙwayoyin ɗanyar shinkafa da aka ƙulle a ƙyalle aka jefa ciki suna taimakawa, ko kuma a watannin nan ki cire su daga haɗin gaba ɗaya ki riƙa amfani da ɗanyu a tukunya. Wata uku yana da ƙarfinsa, daga nan ƙamshin ya fara tafiya, shi ya sa ba na haɗa fiye da awon da na ba ki a lokaci guda.

Wancan haɗin naki na farko, idan da saura, kada ki zubar. Ki riƙa tsarma ƙaramin cokali ɗaya cikin kofi guda na garin ƙuli-ƙuli da citta, a ci da ɗanwake.